Gashin Loretta

Bas ɗin da ya kwaso mu daga New York ya sauke ni a tashar Greensboro da hantsi, ƙafafuna a kumbure har takalmi ya ƙi shiga. Na zauna a kan akwatina ina jiran Tanti Ramatu, matar da ta yi mini hanyar zuwa. 'Yar garinmu ce, Tasawa, amma a Yamai ta girma, kuma tun muna waya take ce mini a Amurka mai kitso ta fi likita samu. Ni kuwa bazawara ce, aure biyu babu haihuwa, ban iya komai a duniya ba sai kitso. Na jira ta har azahar ta gota. Wani tsoho baƙar fata mai shara ya yi ta zagaya ni da tsintsiyarsa, can ya je ya sayo mini shayi a kofin takarda, ya yi mini wata doguwar magana da ban tsinci ko kalma ɗaya a cikinta ba. Wannan shayin shi ne alheri na farko da aka yi mini a ƙasar, kuma har yau ban san sunan mutumin ba.

Da Tanti ta iso, ko sannu da hanya ba ta gama ba ta ce, "Ke Barira, mi ya sa kike zaune bisa akwati kamar wadda aka koro? Tashi mu tai, na baro mutane shago." Muna shiga mota ta miƙo hannu. Na zaci gaisuwa ce. Fasfo take so, wai ta ajiye mini kada ya ɓace.

Zangona na biyu wani ɗaki ne a bayan High Point Road, mu huɗu a ciki, duk masu kitson Tanti. Titin dogo ne, babu farko babu ƙarshe, shagunan sayar da motoci da gidajen abinci jere, ba ka ganin mai tafiya da ƙafa sai ni. Kuɗin da aka ce zan kwasa da shebur na gan su, amma a hannun Tanti. Ita ke karɓa, ta cire na jirgi, ta cire na ɗaki, ta cire na shinkafa, abin da ya rage ta ba ni in sayi katin waya in gaya wa Inna cewa ina lafiya. Bizata ta ƙare ina tsaye a kan wata mata. Daga ranar na zama mai jin faɗuwar gaba duk lokacin da motar 'yan sanda ta wuce, ko da kuwa ba ta san da ni ba.

A shagon ne aka fara yi mini dariya saboda gashi. Kakata ce ta koya mini kitso, kuma kafin ta koya mini tsaga sai da ta koya mini tsince mataji. Duk gashin da ya zubo daga kan mace, a tattara shi tas, a dunƙule, a damƙa mata a hannu, ta je ta binne ko ta tura a ramin bango. Ta ce wanda ya samu gashinka ya samu hanyar zuwa gare ka, kuma mai kitson da ta bar gashin mutane a ƙasa ba ta da amana. To haka na zo da abina. In na gama kai, sai in naɗe gashin a 'yar takarda in miƙa. Wata ta yi tsalle baya kamar na miƙa mata ɓera. Wata ta karɓa da yatsu biyu ta jefa a kwandon shara a gabana. Tanti ta ce, "Nan Amerik ne, ba Tasawa ba. Bokayensu duk sun zama lauyoyi." Na yi dariya tare da su, amma ban daina ba.

Loretta ce ta fara karɓa da hannu biyu.

A shekarata ta biyu ta fara zuwa. Baƙar fata ce 'yar ƙasar, doguwa, mai faɗin kafaɗa, tana magana a hankali kamar mai tsoron tada barci. Ba ta son ƙarin gashi, ba ta son ado. Kitson hannu take so, ƙanana, duk su kwanta baya, don hula ta zauna. Abin da na fara lura da shi hannunta na hagu ne, ya fi na dama haske tun daga wuyan hannu. Na tambaye ta da guntun Turancina ko ƙuna ce. Ta yi dariya ta ce safar hannu ce, ta wasan golf. Ban san wasan ba. Ta nuna mini da matajina yadda ake kaɗa sanda. Na ce a raina, wato katuwar mace ta bar aikin yi tana bin ƙwan zabo a cikin ciyawa.

Da na miƙa mata ƙullin gashinta, ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Na mene ne?"

Na ce, "Naki ne. Kada mugu ya ɗauka."

Ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta zuge aljihun jakarta ta saka, ta ce babu wanda ya taɓa damuwa da abin da mugu zai yi mata.

Daga nan ta zama tawa. In ta tarar ina kan wata, sai ta zauna ta jira, ko da sauran hannu uku a sake. Ita ta lura da cewa da zani da rigar sanyi ta gwanjo nake shiga hunturu, ta ɗauke ni a motarta zuwa manyan shagunan Wendover ta sa na zaɓi kwat mai kauri. Ita ta gyara mini Turanci ba tare da ta yi mini dariya ba. In lokacin salla ya yi ina tsakiyar kanta, da kanta take cewa in je, ta riƙe mini silin da na tsaya da yatsunta har in dawo. Ni kuma na saki jiki. Na cire ɗankwalina na nuna mata inda gashina ya fara zuba tun zuwana. Na ba ta labarin mazajena biyu, da yadda kowane wata nake kuka a banɗaki in na ga jini. Ta ce ita ma ba za ta taɓa haihuwa ba. Ban tambaye ta dalili ba, don na san zafin tambayar.

Wata Lahadi da safe ta kai ni inda take koyon bugu. Fili ne kore shar, an aske ciyawarsa kamar kan jariri, raɓa ba ta bushe ba. Ta tsaya, ta nutsu, ta kaɗa. Na ji wani ƙas, na ɗaga kai, ban ga komai ba sai can nesa wani ɗigo fari yana saukowa. Ta yi ta yi har kwandon ƙwallayen ya ƙare, kuma fuskar da na gani ranar ban taɓa ganinta a shago ba. A hanyar dawowa ta gaya mini abin da take nema. Akwai gasar tantancewa da za a yi a ƙarshen bazara a wani fili a bayan gari. Mata za su zo daga jihohi da yawa, 'yan kaɗan na sama za a ba su izinin shiga sahun ƙwararru, masu cin abinci da wasan. Shekarunta sun kusa arba'in. Ta ce in ba bana ba, to shi ke nan.

Ana saura 'yan makonni a yi gasar sai ga wani Bature a shagonmu. Namiji ma ba ya shigo mana, balle fari, balle tsoho mai jar hula yana ɗingishi. Ya ce sunansa Mista Roy. Suka shiga lungu da Tanti suna ƙus-ƙus, ina jin sunan Loretta yana fita. Da ya tafi Tanti ta kira ni.

"Bon. Doguwar nan taki in ta zo jibi, gashin da kike naɗe mata, ni za ki ba."

"Na mi, Tanti?"

"Ina ruwanki? Ɗiyarshi ma tana wasan nan nasu. Ya ce yana so ya kai a duba wani abu."

"A duba a wajen wa?"

"Ke, ni na sani? Ya dai ce wanda aka tsigo da tushenshi yake so, ba karyayye ba." Ta miƙo mini wata 'yar leda mai zip da ɗan hantsaki. "Ya ce kada a taɓa da hannu."

Ɗiyarsa na takara da ita, yana son gashinta, mai tushe, kuma kada hannu ya taɓa. Ko yaron goye a Tasawa ya san sunan wannan aiki. Na ce ashe Tanti ƙarya take, bokayensu na nan, hula kawai suka canza.

Na ce, "Tanti, wannan sammu ne. Wallahi ba da ni ba."

Ta rage murya. "Saurara. Kafin ya fita ya tambaye ni ko duk ma'aikatana na da takardu. Kin gane ko sai na yi miki da Faransanci? In aka zo nan, ba ke ɗai za a kwasa ba."

Na kwana biyu ina juya abin. In na ƙi, mu huɗu za mu kwana a hannun hukuma. In na bayar, na sayar da matar da ta saya mini kwat. In na gaya wa Loretta, za ta tada magana, maganar kuma a kanmu za ta ƙare. Na yi tunanin in ba shi na wata kwastoma, sai na ga wannan baiwar Allah me ta yi mini. Gashin roba kuwa ba shi da tushe.

Ranar ta zo, na yi wa Loretta kitsonta, na naɗe gashinta na saka mata a jaka da hannuna lokacin da Tanti ke waya. Da ta fita na shiga ɗakin baya na kulle. Na cire ɗankwali. Na karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, na tofa a tafin hannu na shafe kaina. Na ce wa kaina, Barira, me ya rage da za a yi miki? Haihuwa babu, gida babu, fasfo babu. Sannan na sa hantsakin nan na tsigo nawa, ɗaya bayan ɗaya, daga tsakiyar kai inda ya fi tsawo. Na zuge ledar na kai wa Tanti. Ko kallona ba ta yi ba.

Ba zan ɓoye ba, na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Kaina ya dinga sarawa daidai wurin da na tsige. Na dinga mafarkin na sauka a tashar Tasawa, ga kasuwa, ga masallaci, amma duk lungun da na bi ba ya kai ni gidanmu, kuma duk wanda na tambaya sai ya amsa mini da Turanci. Ana cikin haka na kira Inna, ta ce, "Barira, shekara nawa ke nan? Ko dai kurciya aka yi miki?" Wasa take yi. Ta san ana cewa wanda aka yi wa kurciya yakan bi duniya ya manta hanyar gida. Na riƙe wayar har katin ya ƙare.

Ana jibi gasa Loretta ta kira ta ce tana son sabon kitso da sassafe, kafin a buɗe shago. Mu biyu ne kawai. Na tsefe, na taje, na fara daga dama. Na kai rabin kai. Can ta yi magana, tana kallon madubi.

"Barira, wani abu ya faru jiya. Akwai wani mutum, Roy, shekara guda yana bina da magana. Jiya ya tare ni a gaban mutane ya cire hula ya ba ni haƙuri. Ya ce ya sa an gwada gashina a ɗakin bincike, sakamako ya nuna mace aka haife ni. Ya ce daga shagon nan ya samu gashin."

Na ce, "Gwaji? Ba boka ba?"

"Wane boka?"

Sai na gaya mata duka, har ina ɗan jin daɗin kaina. Na nuna mata tsakiyar kaina. Na ce ta kwantar da hankalinta, ko me ya yi niyya a kaina ya sauka, kuma ga ni da raina.

Ta sa hannu ta rufe bakinta. Kafaɗunta suka fara rawa, na zaci dariya ce. Da ta ɗago, idanunta sun yi ja.

"Kin zaci asiri zai yi mini, shi ne kika ba shi naki?"

"To da na wa zan ba shi?"

Ta share idanunta. Sannan ta ce, "Roy bai yi ƙarya ba. Namiji aka haife ni."

Na zaci Turancina ne ya gaza, na ce ta sake faɗa. Ta sake, a hankali. Ta ce tun tana ƙarama ta san jikin da aka ba ta ba nata ba ne. Ta ce shekaru da yawa ke nan da ta sha magani, aka yi mata aiki, alƙali ya canza mata suna da takardu. A wurin hukuma mace ce. Amma masu gasar suna da doka tasu, sai wadda aka haifa mace. Ta shiga ne tana jiran ranar da za a kama ta, kullum da shirinta.

Matajin ya faɗi daga hannuna. Abin da ya fara zuwa mini ba tausayi ba ne, fushi ne. Na tuna kaina a buɗe a gabanta. Na tuna maganar jinin wata. Na tuna hannuna a wuyanta, da alwalata. Na jawo ɗankwalina na ɗaure tamau, ta gani a madubi, ta sunkuyar da kai. Na san 'yan daudu a gida, masu tuya a bakin tasha, ana dariya da su ana sayen abincinsu, amma wannan ba shi ba ne, kuma ban da sunan da zan ba shi. Ko a zuciyata na rasa ko ke zan ce ko kai.

Na ce, "Kin ga kaina."

Ta ce, "Na gani. Ki yafe mini. Na so in gaya miki, na ji tsoron ranar nan."

Na shige baya na tsaya a gaban famfo, na buɗe ruwa don kada ta ji numfashina. Na tambayi Allah abin da zan yi, ban ji amsa ba. Da na leƙo, ta miƙe tana neman hularta, rabin kai a kitse, rabi a tsaye. A gidanmu ba a taɓa sallamar mace da rabin kai ba, ko da rasuwa aka yi. Ban yanke hukuncin komai ba. Na dai ce, "Zauna."

Ta zauna. Na gama mata. Layin bai karkace ba.

Da za ta fita ta ce, "Yanzu babu mai tare ni. Kin buɗe mini ƙofar. Me zan yi?"

Na ce, "Ni ban san dokarku ba. Tawa ma yau ta rikice mini."

"Za ki zo ki gani? Ba ni da kowa da zai zo."

Ban yi mata alkawari ba. Amma ranar ƙarshe ta gasar na ce wa Tanti ciwon kai ya kwantar da ni, na kira Loretta, na jira a bakin titi bayan asuba har motarta ta tsaya.

Wannan fili shi ne zangon da ya fi kowanne nisa a tafiyata, ko da yake bai kai tafiyar awa guda daga shago ba. Turawa cikin fararen kaya suna tafiya suna raɗa kamar a gidan makoki. Ni kaɗai ce mai zani. Na bi igiyar da ta raba masu kallo da masu wasa ina kallo. An haɗa Loretta rukuni ɗaya da Emili, ɗiyar Mista Roy, yarinya siririya mai cizon farce. Uban ne ke ɗauke da jakar sandunanta, yana jan ƙafa a kan tudu, gumi ya jiƙa masa riga. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ce tun yarinyar na firamare yake yawo da ita gari-gari, har gonarsa ya sayar.

Na zo da niyyar in gane gaskiya da idona. In Loretta ta buga, ƙwallonta kan wuce na Emili da tazara mai kyau, sai in dubi kafaɗun nan in ce, to ga shi. Sai kuma wata 'yar guntuwa daga wani rukunin ta zo ta buga nata ya wuce na Loretta. Na tuna gwaggona da ke ɗaga buhun gero ita kaɗai maza na kallo. Na kuma tuna cewa gwaggona ba ta taɓa zama namiji ba. A kusa da ramin da ake zura ƙwallon kuwa ƙarfi ba ya aiki, sai lallashi, kuma nan ma Loretta ta iya. Na yi ta auna abin har rana ta karkata, ban samu inda zan tsaya ba.

Da aka gama, kowa ya taru a gaban wani babban allo, wani mutum yana rubuta sunaye da alƙalami mai kauri. Ya ja jan layi a ƙarƙashin waɗanda suka tsallake. Sunan Loretta shi ne na ƙarshe a saman layin. Na Emili shi ne na farko a ƙasansa, bugu ɗaya tsakaninsu.

Na dubi Loretta. Ta tsaya ƙiƙam, bakinta a ɗan buɗe, tana karanta sunanta kamar yau ta fara ganinsa. Mista Roy ya ajiye jaka ya zauna a kan ciyawa. Na ɗauka yarinyar za ta gudu mota ta yi kuka. Sai ta share fuska da gefen riga, ta ratso mutane, ta zo ta rungume Loretta. Ina tsaye kusa, na ji da kunnena.

"Kin cancanta. Ki yafe mana abin da babana ya yi miki. Ni ma na yarda da maganar a da, na yi ta faɗa a bayanki. Kunya ta hana ni barci."

Loretta ba ta ɗaga hannu ta rungume ta ba. Ta saman kan yarinyar ta dube ni. Ban san abin da ta gani a fuskata ba, kuma wannan ne ke damuna har yau, don ban san abin da na sa a fuskar ba. Ta zame jikinta a hankali, ta miƙa mini hularta, ta nufi rumfar alƙalan wasa.

Ba ta daɗe ba. Wata mata mai tabarau ta fito ta yi wa mai allo raɗa. Ya dube ta, ya sake dubanta, sannan ya ɗauki tsumma ya goge sunan Loretta. Bai gogu sosai ba, ana iya karantawa. A kan wannan dusashen ya rubuta Emili. Surutu ya tashi. Wasu suka ja baya da Loretta ta zo wucewa, wata ta kama hannun ɗiyarta. Mista Roy ya miƙe yana kallon allo, ya juyo ya gan ni, ya gane ni.

Muka shiga mota muka dawo High Point Road. Ta tsaya a gaban shago ta kashe inji. Na ce mata, da Turancin da ita ta koya mini, ban san ko alheri na yi mata ko mugunta ba.

Ta ce, "Da kin ba shi nawa, tun a ƙofa za a kore ni. Da na koma gida ina cewa wataƙila ma ban iya ba, da na haƙura." Ta dafa sitiyari da hannu biyu. "Yanzu na san na iya. Ban san inda zan kai wannan sanin ba."

Na so in taɓa kafaɗarta. Hannuna ya tashi, ya tsaya a hanya, kuma ta gani. Ta yi ɗan murmushi ta ce in shiga, ana jirana.

Na shiga. Tanti ta fara faɗan ina ciwon kan ya tafi, ta tura mini wata mata mai son ƙari har gadon baya. Ta gilashin ƙofa ina hango motar, ba ta tashi ba, Loretta na zaune yadda na bar ta. Na yi tsaga, na kama sili, na ce in na kai ƙarshen wannan layin zan fita. Da na ɗago, wurin babu kowa.

Lambarta ta daina shiga a cikin satin. Na je filin da take koyon bugu, suka ce ba su ƙara ganinta ba. Bayan wasu shekaru, lokacin na karɓi fasfona na bar Tanti na kama kujerata a wani shagon, na ji a talabijin an cire waccan dokar. Na tsaya da mataji a hannu ina lissafin shekarunta, na ga abin ya zo mata a makare.

Har yanzu ban koma Tasawa ba. In aka sa wasan a talabijin ɗin shago, yaran da ke aiki tare da ni sun san ba a canza tasha. Sun zaci golf nake so. Ni ba ƙwallon nake bi ba, jira nake mai ɗaukar hoto ya zagayo ta baya in duba ƙeyar matan, ko zan ga tata.